Tabarmar da Muntari ya rataya a bango

Jama'a, ku gaya mini tsakaninku da Allah: sau nawa aka tambaye ku lafiyar gida kuka ce "lafiya lau", alhali rufin ɗakinku yana ɗiga a kanku?

Akwai wani baduku a Tudun Wada ta Sakkwato, sunansa Muntari. Zamanin soja ne, lokacin da arzikin man fetur ya shigo, kowa yana son gidansa ya yi kama da na manyan ma'aikata. Muntari yana haya a ɗaki ɗaya a gidan Alhaji Sodangi, shi da matarsa Kulu da jaririyarsu. Nan suke kwana, nan yake yanka jar fata yana ɗinka takalma da jakunkuna.

Alhaji ba bare ba ne a wurinsa. Aminin marigayi mahaifinsa ne, shi ya karɓa masa auren Kulu. In ya shigo gidan, sai Muntari ya cire takalmi ya durƙusa.

Gidan na ƙasa ne, rufin soro a kan azara. Da can kowace shekara kafin ruwa ya sauka magina suna hawa su yi yaɓe, su gyara indararo. To, Alhaji ya fara dillancin siminti daga masana'antar Kalambaina, sai ya sa aka shafe bangon ƙasar da siminti har sama, aka yi fenti. Ya ce yaɓe ya zama aikin ƙauye, an gama da shi.

Gidan ya yi kyau kam. Amma simintin ya tsage a saman soron, ruwa ya samu hanyar shiga, ya rasa ta fita. Damina ta biyu, ƙasar da ke ciki ta jiƙe ta zama kamar kunu. In ka ƙwanƙwasa bangon sai ya amsa kamar ƙwarya. Wata tsaga ta taso daga gindin azara ta gangaro har kusa da gadon Kulu.

Sau uku Muntari yana zuwa shagon Alhaji. Na farko gaisuwa ta cinye zancen. Na biyu ya faɗa a kaikaice, Alhaji ya ce a bari ruwa ya ɗauke. Na uku Alhaji ya yi dariya.

"Kai Muntari, wane gida anka yi wa siminti ya hwaɗi? Tsoro irin na ubanka, Allah shi jiƙanai. Tahi ka yi aikinka."

Maƙwabcin ɗakinsa, Malam Yohanna, malamin firamare ne. Ya sa hannu cikin tsagar har wuyan hannu, ya fito da danyar ƙasa. Ya ce wannan ba batun roƙo ba ne, gyaran gini haƙƙi ne a kan mai gida. Ya ce duba-gari zai zagayo unguwar ranar Talata, abin da ake so kawai Muntari ya nuna masa bangon, duba-garin kuwa ya rubuta, a tilasta gyara.

Kulu ma ta roƙe shi. Ta ce ita ta daina kwantar da yarinya ta wannan gefen.

Muntari ya amsa musu da to. Amma safiyar Talata ya ji muryar Alhaji a zaure, ya zo da kansa ya raka duba-gari. Yaya zai tona asirin mutumin da ya tsaya masa a matsayin uba, a gaban baƙo mai kaki? Gobe da wane ido zai gaishe shi a masallaci?

Ya ɗauko sabuwar tabarma, ya kafa ƙusa biyu, ya rataya ta a kan tsagar.

Duba-gari ya leƙa randa, ya duba makwarara, sannan ya tsaya a bakin ɗakin ya dubi Muntari.

"Malam, kai ne mai ɗakin? Akwai abin da ke damunku?"

Malam Yohanna yana tsaye a tsakar gida yana yi masa alama da ido. Alhaji yana jan carbi.

"Lahiya lau, ranka shi daɗe," in ji Muntari. "Alhaji na ƙoƙari."

Da suka fita, Malam Yohanna ya juya ya koma ɗakinsa. Kulu ce kawai ta ce, "Bango kam ba ya jin kunyar kowa," ta shige madafa.

Bayan mako uku, wata Alhamis da hantsi, aka kece da ruwa. Kulu ta goya yarinya ta fita tare ruwa a baho. Muntari yana zaune yana fiƙe fata. Bai ji wata ƙara ba, sai dai ƙasa ta zubo masa a ƙeya, kafin ya miƙe bangon ya zauna, azara ta sauko a kan hannunsa na dama.

An ciro shi da rai. A asibiti aka yanke yatsu uku, sauran biyun suka sandare.

Alhaji ya je dubiya da lemo. Ya ce ƙaddara ce, mumini ba ya jayayya da ita. Ya ƙara da cewa zai rushe wannan ɓangaren ya gina shaguna na bulo, don haka su fara neman wani wurin. Muntari, da hannu a naɗe, ya yi masa godiya.

Malam Yohanna bai haƙura ba. Da aka sallamo Muntari ya ja shi har ofishin duba-gari. Mutumin ya saurare su har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Ni na tambaye ka, gaban mutane. Kac ce lahiya lau. Mi zan ce ma na sama da ni yanzu?"

Suka fito.

Muntari ya sayar da wuƙaƙensa da basillarsa, ya kwashe iyalinsa zuwa Wamakko wurin yayan Kulu. Bai sake ɗinka ko takalmi ɗaya ba. Shagunan Alhaji kuwa sun cika da masu haya tun fenti bai bushe ba.

Darasi: girmama babba daban, rufa wa haɗari asiri daban. Ɗan haya ba alfarma ake yi masa ba, yana da haƙƙin kwana a ɗakin da ba zai faɗo masa ba. In ka ga tsaga, ka faɗa wa mai gida a fili gaban shaidu, ka ɗauki hoto, ku haɗa kai da sauran 'yan haya ku rubuta masa takarda. In ya ƙi, ku je wurin mai unguwa, ku je hukuma. Kuma in an tambaye ka, ka faɗi gaskiya ko da wa ke tsaye. Yau ɗin nan ka tashi ka duba bangonka da rufinka, sannan ka tura wannan labari ga wani ɗan haya da ka san yana yin shiru.