Shafin da Ɗaliban Tsibiri Ba Sa Cikawa

Akwai wani ma'aikacin kwaleji a nan Majuro, babban birnin wata ƙasar tsibirai a tsakiyar teku, mai suna Hemos. Aikinsa shi ne zagaya makarantun sakandare yana yi wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawar tantancewa. Da ita ake sanin wanda zai shiga kwaleji kai tsaye, da wanda sai ya yi shekarar share fage, da kuma wanda za a ce ya haƙura.

Hemos ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya. Ba a taɓa kama shi da ɓatan takarda ko ƙarin minti ɗaya ba.

A cikin makarantun da yake zuwa akwai wata a wani tsibiri can arewa, kwana biyu a jirgin ruwa. Shekara uku a jere ko ɗalibi ɗaya bai ci ba. Duk shekara abu ɗaya yake rubutawa a rahoto: yaran ba su da himma.

Ana saura mako ya sake tafiya, Neimon, matar da ke duba takardu a ofishinsu, ta zube wani ƙunshi a teburinsa.

"Hemos, ka taɓa buɗe takardun yaran nan kuwa?"

"Nawa rabawa ne da karɓa. Dubawa naki ne."

"To duba. Lissafinsu ya fi na 'yan birni. Karatun ma ba laifi. Amma shafin ƙarshe, na rubutun insha'i, fari fat. Dukkansu. Shekara uku."

Ya taɓe baki. "Lalaci ne. Tun lokaci bai cika ba suke miƙewa. Bar su da kifinsu, shi suka sani."

"Malalaci ne zai warware wannan lissafin? Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Kuma ka ji an ce in bana ma ba wanda ya ci, an daina aika jarrabawa can."

Hemos ya yi dariya ya tura mata takardun. Amma maganar ta bi shi har cikin jirgi. Yana zaune kan buhunan shinkafa yana juya ta. Me zai sa yara goma sha tara su gaji a daidai shafi ɗaya? Ko malaminsu ne bai koya musu rubutu ba? Ko wani ne ke tsorata su?

Jirgin ya shiga tsibirin da sassafe, lokacin da ruwa ya cika, don a can ruwan teku yakan janye ya dawo sau biyu a rana. Haka yake yi kullum, ya sauke kaya, ya ɗebi busasshiyar kwakwa, ya fita da yamma in ruwa ya sake cika. Hemos ma ya saba tsara aikinsa a kan haka. Ya fara jarrabawa da tsakar rana, ya gama ƙarfe uku, ƙaramin jirgi mai inji da kwaleji ta ɗaukar masa ya mayar da shi babban jirgi.

Shugaban makarantar, wani dattijo mai suna Tibon, ya tarbe shi da ruwan kwakwa.

"Sannu da hanya, Malam Hemos. Bana ma yau za a yi?"

"Yau mana, Baba. Jirgi ba ya jiran kowa."

Dattijon ya gyaɗa kai, bai ƙara ba.

Aka buɗe ambulan a gaban ɗalibai, aka raba fensir. A da Hemos yakan zauna ne idonsa a kan agogo. Wannan karon sai ya koma bayan aji ya zuba wa yaran ido.

Awa biyun farko ba ka jin komai sai ƙarar fensir. Ya ga wata yarinya mai suna Lijon tana gudu a kan lissafi kamar ana bin ta. Ya leƙa takardarta, ya ga babu kuskure.

Ƙarfe biyu na wucewa, sai ya lura da wani abu. Lijon ta ɗaga kai ta dubi taga. Wani saurayi a gefenta ma ya duba. Kafin minti biyar rabin ajin na satar kallon waje.

Hemos ya ce a ransa, "To, ga sirrin. Wani ne ke ba su amsa daga waje."

Ya lallaɓa ya leƙa tagar. Ba kowa. Sai bakin teku, da wani dogon itace da aka kafa cikin ruwa, an ɗaura masa jan tsumma a tsakiya.

Yana juyowa ya ga Lijon ta kife takardarta ta miƙe. Sauran ma suka fara tura kujeru.

Dokar jarrabawa a fili take: wanda ya fita ya fita ke nan. Hemos ya yi sauri ya tsaya a bakin ƙofa.

"Saura minti hamsin. Ina za ku?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Ke, Lijon. Insha'in ne ya gagare ki?"

"A'a, Malam."

"To mene ne?"

Ta yi ta murza fensir. Can wani mai suna Jorlan, wanda da alama shi ne sarkin barkwancin ajin, ya ce, "Malam, teku ma ba ya jiran kowa."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Hemos bai yi fushi ba, don son jin bayani ya fi ƙarfinsa.

Lijon ta nuna itacen. "Rabinmu a ƙaramin tsibirin can tsallake muke. Da safe iyayenmu ke sauke mu a kwalekwale su wuce kamun kifi. Komawa kuwa a ƙafa ne, ta kan shimfiɗaɗɗen dutse, kafin ruwa ya dawo. In ya taɓa jan tsumman nan, hanya ta rufe."

"Ku kwana a nan mana, yau ɗaya!"

"Ƙannenmu fa? 'Yan firamare ashirin da shida suna can ƙarƙashin bishiya suna jiranmu. Mu ke riƙe hannunsu, ƙananan mu goya su. Iyaye mata na tsaye a wancan gefen."

Hemos ya dubi sauran. "Ku da kuke nan gari kuma fa?"

Jorlan ya ce, "Mu tara ba za mu iya riƙe yara ashirin da shida ba, Malam. Kuma da wane ido za mu ci jarrabawar da 'yan'uwanmu suka bari?"

Dattijo Tibon yana tsaye a baranda. Hemos ya juya gare shi.

"Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"Na gaya maka, ɗana. Shekarar farko na ce ka kwana a yi da safe. Ka ce ba ka zo yawon shan iska ba. Mu kuwa ba ma maimaita wa baƙo magana."

Hemos ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya dubi agogo, ya dubi ƙaramin jirginsa da ke bakin gaɓa. Man da ke ciki kaɗan ne. In ya kai yara tsallake, ba zai kai shi babban jirgi ba. Babban jirgin kuma ba zai sake zuwa ba sai bayan mako uku.

Ya ja numfashi ya ce, "Kowa ya koma kujerarsa. Baba, a gaya wa mai jirgi ya kwashe ƙananan yanzu, ya dawo ya jira waɗannan. Minti shidan da muka ɓata a surutu zan mayar muku, kuma zan rubuta dalili."

Lijon ta zaro ido. "Kai fa, Malam?"

"Ke dai rubuta. Ina son in ga abin da kuka ɓoye mini shekara uku."

Da yamma yana zaune a bakin teku ya ga babban jirgin ya fita ba shi. Jorlan ya kawo masa shinkafa da gasasshen kifi, ya ce, "Malam, tunda ka zama ɗan gari, gobe akwai fasa kwakwa."

Ya fasa kuwa, har hannunsa ya yi kanta. A wurin aikin ne ya riƙa haɗuwa da fuskokin da ya sani. Wannan ya zauna jarrabawarsa bara, waccan bara waccan. Wata mai suna Neibol, yayar Lijon, tana goye da jariri. Ya tambaye ta me ta so ta karanta. Ta ce aikin jinya, ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar ya je ɗakin rediyon oba-oba na tsibirin, da yake babu waya, ya kira ofis. Ya gaya wa shugabansa komai, bai rage laifinsa ba.

"Rahotanni uku na rubuta cewa ba su da himma. Ƙarya na yi musu ban sani ba. A ba ni izini in sake wa tsofaffin ɗaliban."

An ɗan ja shi da faɗa, amma aka yarda. Jirgi na gaba ya zo da sababbin takardu a rufe, aka zauna da hantsi.

Da sakamako ya fito, cikin 'yan ajin ƙarshe goma sha tara, goma sha ɗaya sun shiga kwaleji kai tsaye, biyar kuma share fage. Cikin tsofaffin ma an samu tara.

Amma abin da Hemos ya fi ba da labari shi ne ranar jarrabawar tsofaffin. Neibol ce ta ƙarshe da ta miƙe, kakar jaririn tana jijjiga shi a baranda. Ta cika shafin ƙarshe har ta juya bayansa. Ta miƙa masa takardar da hannu biyu ta ce:

"Malam, shekara uku ina tunanin me aka tambaya a shafin nan. Ashe ma na san amsar."

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukuncin lalaci ko rashin ƙoƙari, tsaya ka tambaye shi dalili, kuma ka saurara. Sau da yawa wanda ka ga ya bar aiki a tsakiya wani nauyi ne ya kira shi wanda kai ba ka gani. In kuma ka gano kai ne mai kuskure, kada girman kai ya hana ka gyarawa. Ku tura wa malamai, da iyaye, da duk wanda makomar wani ke ratsawa ta hannunsa.