Talatu da Siririn Kwarashi

Akwai wata mata a Ƙofar Ƙaura ana ce mata Talatu. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, gari ya ɗauki hirar siyasa, amma ita abin da ya hana ta sukuni kwana da kwanaki daban ne: hular jariri.

'Yarta ta fari, Zulaihat, ta dawo gida goyon ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Talatu ta ɗaura wa ranta cewa ranar suna jikanta ba zai sa hular kanti ba, da hannunta za ta saƙa. To amma ba ta taɓa riƙe kwarashi ba. Wadda ta iya saƙa a gidan kuwa Zulaihat ce. Kun dai san kunyar ɗan fari: tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Ta ina za ta fara cewa koya mini?

Sai ta tafi kasuwa ta sayo ulu mai kauri. Mai kanti ya baje mata kwarashi iri-iri, ta zaɓi wanda ya fi siranta, kamar allura.

"Baba, wanga na zaren lesi ne fa," in ji mai kanti.

"Jariri zan yi ma, ba ƙato ba. Ƙaramin kai, ƙaramin kwarashi."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Ta damƙe kwarashin da hannu duka kamar muciya. Bakinsa ya kasa ɗaukar ulun, sai tsaga shi yake yi. Wanda ya saƙu kuma ya matse, babu ramin da za ta sake zura kwarashin. Ta warware, ta sake, ta warware, har ulun ya yi buzu-buzu, yatsunta suka sage. Abin da ya fito ƙarshe tauri gare shi kamar faifai.

Mijinta Malam Yahaya ya ɗago kunne daga rediyo ya duba.

"Marfin tulu muka samu?"

Ranar ko tuwon kirki ba ta ci ba.

Zulaihat ta ga guntayen ulu a shara, ta gane. Ta kuma san in ta yi magana kai tsaye, uwar za ta wurgar da komai ta ce ita ba abin da take yi. Da ƙanwar babanta Asabe ta zo gaisuwa, sai ta shimfiɗa tabarma daidai tagar Talatu.

"Gwaggo, zo in koya maki saƙa."

"Ni? Da idon nan nawa? Mi zan yi da ita?"

Zulaihat ta nuna taga da haɓa.

"Au. To koya mani, ɗiyata, dama na daɗe ina so."

Zulaihat ta ɗaga murya. "Kaurin zare ake dubawa, Gwaggo, ba girman mai sawa ba. Ulu mai kauri sai kwarashi mai kauri. Riƙo kuma kamar biro, ko kamar wuƙar yankan kuɓewa, yatsu kawai."

"In mutum ya shaƙe shi kamar zai tuƙa tuwon suna fa?" in ji Asabe, tana kallon tagar.

"Kai, Gwaggo."

Da suka tashi, Zulaihat ta manta kwarashinta mai kauri a bakin taga, irin mantuwar da kuka sani.

Talatu ta ɗauka ta gwada. Ulun ya daina tsagewa, amma naɗa zare a yatsan hagu ba abin da ake koyo da kunne ba ne. Ta saki ya zube, ta ja ya shaƙe. Tana cikin wannan takaici ta ji Zulaihat tana gaya wa Asabe bayanta ya fara ciwo tun safe. Talatu ta gane haihuwa ta matso. Ta dubi abin da ke cinyarta, ko gindin hula bai kai ba.

Ta daɗe tsaye a bayan labule kafin ta ɗaga.

"Ke."

Zulaihat da Asabe suka juyo.

"Ke, zo ki riƙe mani hannun nan."

Zulaihat ta shigo a hankali ta zauna gefenta. Ta ɗora hannunta a kan na uwar, ta ratsa zaren tsakanin yatsunta. Babu wadda ta kalli wata.

"Sassauta, Inna."

Ta sassauta. Zare ya fara tafiya.

Zulaihat ta haifi 'ya mace. Hular ta ɗan karkace ta gefe guda, amma ita aka sa wa jaririyar ranar suna. Duk wadda ta tambaya, Zulaihat sai ta ce, "Innata ta saƙa."

Darasi: Kunya tarbiyya ce, amma kada ta hana ki tambayar abin da ba ki sani ba, ko da a hannun wanda kika haifa yake. Ku tura wa iyaye 'yan'uwana. Ku kuma ba mu shawara: uwar da ta saba da wannan kunya, ta ina za ta fara?