Ajin Ganin Dama

Akwai wani tsohon malami a wata makarantar 'yan mata, ɗalibai na kiransa Baba Mai Tabarau. Bayan an tashi, yakan buɗe wani ɗan aji a ƙarshen baranda, yana koyar da maganar hannu irin ta kurame.

Shugabar makaranta ta ce darasin na ganin dama ne, babu jarrabawa, babu maki. Da farko aji ya cika. Da 'yan mata suka tabbatar babu bulala kan rashin zuwa, sai suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Wata ɗaliba da ake kira Auta ita ma ta rataya jaka za ta wuce, sai ta hango shi ta taga. Ya goge allo, ya jera kujeru, yana zaune shi kaɗai. Tausayi ya kama ta, ta shiga. Ƙawayenta suka yi ta yi mata tsiya, wai mai baki ta koma koyon bebanci.

Wata rana ta tambaye shi, in darasin yana da amfani, me ya hana a tilasta shi?

Ya ce, "'Yata, ganin dama ba ya nufin abu ba shi da amfani. An dai bar miki zaɓi ne, ba mai bin ki da sanda."

Haka ta ci gaba da zuwa har ta gama makaranta. Har yau tana tuna ƙurar alli a rigarsa, da kukan tsohuwar fanka, da dariyarsa in yatsunta suka harɗe.

Bayan shekaru ta yi aure, ta haifi 'ya mace. Yarinya ta isa magana ba ta yi ba, ko kwano ya faɗi a bayanta ba ta waigowa. Likita ya ce ba ta ji.

Mijin ya kasa cin abinci. Auta ma ta sha kuka, sannan ta share hawaye ta zauna gaban 'yarta ta fara koya mata. Ta manta wasu alamun, amma yawanci suna nan a hannunta.

Ranar da yarinyar ta ɗaga hannu ta ce "Mama", Auta ta nemi malamin don ta gode masa. Aka ce ai ya daɗe da rasuwa.

Tana yi masa addu'a mijinta ya zauna kusa da ita, ya miƙa mata hannayensa.

"Koya mini," in ji shi. "Ina so ni ma ta kira ni."

Darasi: Kada ka raina alheri ko ilimi don an ce na ganin dama ne. Abin da ba a tilasta maka ba yau, gobe yana iya zama abin da ka fi buƙata. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.