Marinin da Ya Rufe Ramin Maƙwabcinsa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da, wani bawan Allah marini, ana ce masa Ilu. Shekara ashirin yana rini a karofi, wato filin ramukan rini, ba wanda ya taɓa jin an yi kuka da shi. Sai ga wani baƙo mai suna Gwadabe ya haƙa rami dab da nasa. Allah ya ba Gwadabe hannu, in ya tsoma zane sai ya fito baƙi wuluk yana sheƙi. Fataken da suka saba tsayawa wurin Ilu suka koma yi masa sallama kawai su wuce gaba.

Jama'a, ku saurara. Ilu mai salla ne, mai azumi ne, amma duk lokacin da aka yabi Gwadabe sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi a ƙirji.

Wata rana aka yi wa Gwadabe rasuwa a ƙauye, ya tashi a gigice, ya bar raminsa a buɗe, ga ruwan baban rini da ya yi kwana bakwai yana haɗawa a ciki. Da la'asar hadari ya taso. In ruwan sama ya shiga ramin, aikin ya lalace ke nan. Ilu ya rufe nasa, ya dubi na Gwadabe. Ba kowa a karofi. Zuciya ta ce masa, "Kai ka buɗe? Tafi abinka." Ya tafi kuwa! Har ya kai bakin hanya, yayyafi na dukansa, sai ya tsaya ya ce, "A'uzu billahi." Ya dawo da gudu ya rufe.

Rinin nan na Gwadabe ya fi kowanne kyau, fatake suka yi ta rububinsa. Ilu ya ji zafin ya ninka. Ya je wurin limamin garin yana hawaye, ya kwashe labari ya faɗa masa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni mugu ne. Na taimake shi, amma wallahi har yanzu ba na son ganin ci gabansa."

Liman ya ce, "Ilu, da kai mala'ika ne, da ba ka ji zafin ba. Da kai shaiɗan ne, da ba ka dawo ba. Ɗan Adam a tsakani aka ajiye shi, kowanne na kiransa. Zuciyar da ke zargin kanta ba ta mutu ba. Je ka riƙa yi masa addu'a da sunansa, ko bakinka na ɗaci."

Haka ya yi ta yi. An ce sai da ya shekara uku kafin ya iya cewa "Allah ya ƙara" da zuciya ɗaya.

To, 'yan'uwa, kada wanda ya ce ba ya jin hassada. Tana zuwa wa kowa, a kasuwa, a gona, har cikin sahun masallaci. Abin da za a tambaye ka shi ne me hannunka da harshenka suka yi bayan ta zo. In ka kai bakin hanya, ɗan'uwa, juyo.