Kujerar da Ba a Roƙonta

Ku gyara zama in ba ku wata, in na gama ku raba mini gardama, don ni dai ta sha kaina.

Akwai wata ƙungiyar ɗalibai, Ƙungiyar Riƙon Tarbiyya, mai rassa a manyan makarantu tun daga Sakkwato har Fatakwal. 'Ya'yanta irin samarin nan ne da ba su fita ba hula, suna tsugunawa in za su gai da babba, kuma duk abin da magabata suka bari ba su yarda a taɓa shi. Babbar al'adarsu ita ce ba a neman shugabanci. Wanda duk aka ji ya ce a zaɓe shi, ya fita daga takara ke nan. Sai dai wasu su nema maka. In an ambaci sunanka a zauren taro kuwa, ka miƙe ka ce ba ka so, a yi ta lallashinka, sannan ka karɓa kamar dole aka yi maka. Kowa ya san ana so, amma haka ake yi. Sabon shugaba shi ke naɗa na'ibinsa, na'ibi kuma shi ake miƙa wa kujerar a shekara mai zuwa.

Wata shekara na'ibin da ke kai ya tafi karatu ƙasar waje, fili ya buɗe. Babban reshe, wanda ya saba riƙe kujerar, ya tsai da wani Shitu. A wata ƙaramar jami'a kuma abokai uku, Sallau da Ubale da Barau, suka ce bana sai abokinsu Tukur. Sallau dai, in za a faɗi gaskiya, ba don Tukur kaɗai ya shiga ba. Kujerar na'ibi yake hange, yana kwana da ita yana tashi da ita, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Tunda Tukur ba shi da bakin nema wa kansa, Sallau ya zama bakinsa. Ya bi ƙananan rassan da babban reshe ya raina, daga wannan mota zuwa waccan, ya kwana a tabarmar ɗakunan ɗalibai, ya ci garau-garau har ya gundure shi. Ya yi magana har muryarsa ta dushe. A cikin yawon nan jarrabawa ta wuce shi, ya jawo wa kansa maimaita darasi. Amma ya dawo da alkawarin wakilai fal, waɗanda da ba su ko san akwai wani mai suna Tukur ba.

Ranar babban taro a Minna, aka fara da Shitu. Ya ce ba ya so, aka lallashe shi, ya karɓa. Kafin a zo kan Tukur sai wani wakili daga rassan kudu ya miƙe ya ce su Ubale suke so. Ubale kuwa mutum ne mai farin jini, shi ke buɗe musu taro da addu'a, da muryarsa mai daɗi. Nan take kusan rabin zauren ya goya masa baya. Sallau ya duba ya ga mutanen da ya kwana a ɗakunansu ne ke ɗaga hannu, ba ko ɗaya da ya tuna da sunansa. Hassada ta turnuƙe shi. Ya ce a ransa, shi ya sha rana, mai zaƙin murya zai sha inuwa.

Ubale ya miƙe ya ce ba ya so. Aka soma lallashi yadda aka saba, sai ya ɗaga hannu.

"'Yan'uwa, ba irin waccan ba ce. Wallahi ba na so. Duk mai ƙaunata ya bi Tukur."

A ƙungiyar, in rantsuwa ta shigo lallashi ya ƙare. Da Ubale ya yi shiru ya karɓa, ko dai ya ci, ko ƙuri'un ƙananan rassa su rabu biyu Shitu ya wuce ta tsakiya. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Wannan ma ya ƙona wa Sallau rai, don ya ga ƙin kujerar ya ƙara wa Ubale kwarjini fiye da cin ta.

Aka ambaci Tukur. Ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai isa ba, akwai waɗanda suka fi shi. Shugaban taron, wani tsohon ɗan ƙungiya mai suna Malam Na'iya, wanda zuciyarsa ke wajen babban reshe, bai bari an fara lallashi ba.

"Madalla," in ji shi. "Mun karɓi uzurinka kamar yadda muka karɓi na Ubale. Saura Shitu shi kaɗai."

Tukur ba dama ya ce da wasa yake. Sallau, duk iya bakinsa, ya rasa ta cewa, don in ya ce Tukur na so ya kashe shi da kansa. Sai ga Barau ya miƙe daga can baya. Barau mai in'ina ne, ko a ɗaki ba ya son a sa shi magana. Ya daɗe yana fama kafin kalmar farko ta fito, har wasu suka fara dariya, amma bai zauna ba.

"Allah ya gafarta Malam, Ubale ya rantse, Tukur bai rantse ba. Ɗazu Shitu ma ya ce ba ya so. A sauke su duka, ko a lallashe su duka."

Zaure ya kaure da sowa. Malam Na'iya ya gyara hula, ya ce a lallashi Tukur. Aka lallashe shi, aka kaɗa ƙuri'a, ya ci. Aka ɗaga Barau sama ana zagaya zauren da shi. Sallau na gefe yana tafi da hannu, zuciyarsa kuwa tana cewa jimla uku kacal, su ma da ƙyar suka fito, sun shafe wahalar watanni.

Bayan la'asar Tukur ya kira su ukun gindin wata bishiyar mangwaro a bayan zauren. Ya ce dole ya faɗi sunan na'ibinsa kafin taro ya watse, kuma ya rasa yadda zai yi, kowa ya gaya masa wanda ya ga ya dace.

Sallau aka fara tambaya. Sunansa na kan harshensa, ya haɗiye shi, don in ya faɗa ya rasa. Sunan Ubale kuwa ko jinsa ba ya son yi. Sai ya ce Barau, ba don ya so ba, don dai yana ganin ba za a ba mai in'ina ba. Barau ya girgiza kai ya ce Ubale, wanda aka miƙa wa kujera ya mayar. Aka juya ga Ubale, Sallau ya kau da kai.

"Malam Tukur, ni na bar abin da ban wahala a kansa ba," in ji Ubale. "Barau ya ceci abin da aka riga aka tara. Wanda ya tara shi ga shi nan zaune, har yanzu muryarsa ba ta dawo ba. A ba Sallau."

Sallau ya kasa ɗago kai. Kunya ta rufe shi, amma son kujerar bai ragu ko kaɗan ba. Tukur ya dubi wannan ya dubi wancan, ga shi ana ta kiransa daga zaure ya zo ya faɗi suna.

To jama'a, da babu Sallau da ba a sami ƙuri'un ba, da babu Ubale da sun rabu, da babu Barau da ba a ko kaɗa su ba. Ɗaya ya yi wahala da wata manufa a ransa, ɗaya ya bar tasa, ɗaya ya yi magana a inda kowa ya yi shiru. In ku ne Tukur, sunan wa za ku kira?