Babbar Rigar Sarkin Wasa

Ku matso kusa, muryata ba ta kaiwa bakin zaure yanzu. Abin da zan faɗa muku a gidan nan ya faru, kuma in na gama ku za ku yi mini alƙalanci.

Jibi ne sadakar arba'in ta mai gidan nan. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, yana raye ma ban taɓa kama shi ba, amma duk gari Sarkin Wasa ake ce masa. A garinmu in tsoho ya rasu ya bar jikoki, ranar sadaka ɗaya daga cikinsu, mace ko namiji, yakan sa babbar rigarsa ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya a share hawaye. Wanda ya sa rigar, ta zama tasa ke nan. To riga ɗaya ya bari ta kirki, shuɗiya, duk da garwashi ya ɗan ƙona ta a hannun hagu. Masu son ta kuwa su uku ne cikin jikokinmu: Hansai, Sallau da Kulu.

Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa dawowa daga kasuwa aljihu wayam ba. Ko gyaɗa, ko alewa, ko guntun rake. Jikoki mata duk amarensa ne, maza kuma ɓarayin matansa, yana ganin su sai ya rarumi sanda. Yaro in ya yi zazzaɓi, shi ke ɗaura zane ya goya shi yana zagaya tsakar gida, maza na yi masa dariya ko a jikinsa. Ni mai faɗa ce, kun sani. Amma ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, fushina kuma bai taɓa kai la'asar ba, sai ya san yadda ya yi na yi dariya. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da shi.

Wasansa ɗaya ne na tsana, mutuwar ƙarya. Sai ya zube a hanya ya sandare, jikoki su taru suna kukan wasa suna raba kayansa, can ya yi wuf ya cafke ƙafar wani. Na ce masa ya bari, bai bari ba. Har gari ya saba.

Wata damina kububuwa ta sare shi a fadama. Ya ɗaure ƙafar ya kamo hanyar gida, jiri ya kwashe shi ya faɗi a gindin tsamiyar kan hanya, rana tsaka. Masu dawowa daga gona suka yi ta wuce shi. Wani ya ce, “Sarkin Wasa, yau ma an mutu ne?” Wani ya ce a gaida mutanen lahira. Babu wanda ya tsaya, kuma ban ga laifinsu ba.

Hansai ce ta zo da tallan fura a kai. Ita ma ta yi dariya ta wuce, sai ta ja ta tsaya. Ta ga hularsa a cikin taɓo. Yarinyar nan ta lura, ba tare da kowa ya gaya mata ba, cewa duk mutuwar da kakanta yake yi sai ya fara cire hula ya aza a ƙirji, don ba ya yarda ta taɓa ƙasa. Ta dire ƙwarya, ta ɗaga ƙafar wandonsa ta ga kumburi da jini. Ta ruga gari tana kururuwa. Mutane suka ce ai da ita aka shirya wasan. Sai da ta rantse ta nuna jinin da ke hannunta kafin aka yarda.

Sallau ne ya fara isa, lokacin yana saurayi mai ji da ƙarfi. Maganin sara sai asibitin birni, kuma kogi ya cika har ya shanye hanya, mota ba ta zuwa, mai kwalekwale ya ce shi ba zai shiga ba. Manya suka tsaya shawara. Sallau bai saurare su ba, ya goya tsohon da rawanin wani, ya shiga ruwa. Ina bakin gaɓa ina kallo, ruwa ya kai masa wuya, ya ture shi ya tashi, ya sake ture shi ya tashi. Ya haye, ya kai shi bakin titi ya tare motar itace. Likita ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan da gawa suka kawo. Har yau in sanyi ya shigo ƙirjin Sallau yana damun sa.

Aka yi masa allurai, dafi ya sauka, mu kuma da ruwa ya janye muka bi shi asibitin. Amma sai mutumin ya karaya. Ya juya fuska bango, ya ƙi ci ya ƙi sha, ya ce lokacinsa ne ya yi, a mai da shi gida. Ma'aikatan asibiti suka ce in bai ci abinci ba maganinsu ba zai yi komai ba. Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi kuka. 'Ya'yansa suka durƙusa suka roƙe shi. Ko motsi.

Sai ga Kulu, ƙarama cikin jikokin nan uku, mai baki kamar reza. Ta zauna a bakin gado ta buɗe kwanon kununsa ta fara sha.

Ta ce, “Tsoho, ka yi ka tafi mana, ka tsare wa mutane gado. Malam Jatau ya riga ya aiko yana so na.”

Jatau shi ne abokin dararsa, kullum suna gindin bishiya suna musun wanda ya fi iyawa.

Ta ce, “Ya ce dama can tausayinka yake ji yake bari kana cinye shi.”

Tsohon ya juyo a hankali. Ya ce, “Jatau ɗin? Mai haƙori ɗayan?”

“Shi. Ya fi ka kyau ma.”

“Miƙo mini kwanon nan, mara kunya.”

Ya shanye tas, ya nemi ƙari. Na fita waje na zauna a ƙasa na yi ta hamdala.

Bayan wannan Allah ya ƙara masa shekaru masu yawa. Ya aurar da su duka ukun, ya goya 'ya'yansu da zanen nan dai. A ciwonsa na ƙarshe ya kira ni ya ce, “Rigata shuɗiya, ki ba wanda Allah ya sa ya zama sanadin tashina ranar kububuwa.” Na ce wanne daga ciki? Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Ke ma a yi wasan da ke ko sau ɗaya.” Bai ƙara cewa komai a kai ba har ya cika.

Ba faɗa yaran suke yi ba, kar ku je ku ce na ce. Kowa dai ya zo ɗakina shi kaɗai ya shafa rigar ya fita. Na ce a raba ta uku, suka ce ba a yaga rigar kaka. Ni kuma na juya abin har na gaji. Da Hansai ba ta kula da hular ba, da a gindin tsamiya zai ƙare mutane na dariya. Da Sallau bai shiga ruwa ba, da ganin Hansai bai amfana komai ba. Da Kulu ba ta taɓo shi inda ke masa ƙaiƙayi ba, da Sallau ya sha ruwan kogi a banza.

Ga rigar can a ninke a kan gadona, na turara ta. To ku gaya mini tsakaninku da Allah, jibi wa zan miƙa wa?