Tambarin Gindin Tangaran

Masu hikaya sun ce Magajiya Kubura tana da wani kwanon tangaran na ƙasar Sin, gadon kakarta, mai zanen shuɗi. A gindinsa akwai tambari, haruffa shida masu ɗauke da sunan wani sarki na dā. Shekara ɗari biyar take ba kwanon a gaban kowace baƙuwa.

Ran nan wani falke, Bawa na Agadas, ya kifa shi, ya shafa, ya ce bai haura shekara ɗari da hamsin ba. A gaban surukanta kuwa!

Magajiya ta wuni tana huci. "Ni za a mayar maƙaryaciya a ɗakina? Gobe a kore shi daga kasuwa!"

Jakadiya Tabawa, wadda ta goye ta tun tana jaririya, ta ce, "Ranki ya daɗe, ko kin san abin da ya sami attajirin Jidda?"

"Faɗi, Iya, amma ki taƙaita."

Tabawa ta ce: wani attajiri ya sayi tulun tangaran mai irin wannan tambari, ya tara abokai goma yana alfahari. Wani tsoho mutumin Sin ya duba, ya girgiza kai, ya ce tulun bai kai shekarun tambarinsa ba. Attajiri ya ci kwalarsa. Tsoho ya ce, "Sakar mini riga, Alhaji, ka ji labarin kakana.

"Kakana maginin tangaran ne. Duk kwanon da ya fi yi masa kyau, sai ya rubuta masa sunan sarkin da ya rasu shekara ɗari uku baya. Matarsa ta ce, 'Malam, da furfurarka kake zana ƙarya?' Ya ce, 'Gaisuwa nake wa gwanayen wancan zamani. Mai ido zai duba zoben gindi inda ƙyalli bai rufe yumɓu ba, ya duba launin shuɗin, ya ji nauyi. Wanda ya tsaya ga tambari, shi ya ruɗi kansa.' To Alhaji, tulunka nagari ne, tsufan ne ka ara masa."

Attajiri ya ƙi ji, ya kai ƙara. Alƙali ya kira masana, suka gaskata tsoho. Abin da mutum goma suka sani, duk Jidda ta ji.

Tabawa ta ce, "Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ki kori Bawa, kowace rumfa za ta tambayi dalili."

Magajiya ta kifa kwanon, ta daɗe tana shafa zoben. Sai ta tuna kakarta ba ta taɓa ambaton ɗari biyar ba, fura kawai take sha a ciki. Wani mai karanta tambari ne ya faɗa, ita kuma ta riƙe.

Ta ce, "Kin yi gaskiya, Iya. A kira Bawa, a kira surukaina, a dama masa fura a kwanon nan. Da bakina na ƙara shekarun, da bakina zan rage su, tun kafin kasuwa ta rage mini."